Reshen da Auta Ya Bari

Litinin, 6 ga Mayu

Oga ya zo da sabon tsari. A ma'ajiyar manhajarmu kowa kan buɗe reshensa ya yi aiki a kai, in ya gama a haɗe shi da uwar aiki. Daga yau duk reshen gyaran kuskure sai sunansa ya fara da "gyara/", sannan abin da ake gyarawa ya biyo baya. Dogo, abokin aikinmu, ya fara gwadawa, kwamfuta ta ƙi. Wai akwai wani reshe mai suna "gyara" tsurarsa, kuma suna ɗaya ba ya zama akwati ya kuma zama kayan cikin akwati. Dogo ya ɗaga murya, "Wane malalaci ne ya..." Ya duba. Ya haɗiye sauran.

Na Auta ne, ƙanina. Ya buɗe shi a makon da ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Talata, 7 ga Mayu

Oga ya tsaya a bakin teburina yana murza makulli. "Hajiya, ke ce mai izinin gogewa. Ba matsa miki nake ba, amma masu aikin nan Larabar makon gobe suke jira." Na ce to.

Ban goge ba. A makarantar allo malaminmu ba ya bari a wanke allo sai an biya abin da ke kansa. Wannan kuwa ba wanda ya biya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Aikin kowa ya tsaya saboda ni. Wannan ma hakki ne, na sani, Allah Ya yafe mini.

Dogo ya kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. "Anti, a canza masa suna mana, a ce tsohon-gyara. Ba abin da zai ɓata." Gaskiyarsa ce. Amma tsoho? Yaron da ko furfura ɗaya bai gani ba? Na ce ya ba ni kwana biyu.

Juma'a, 10 ga Mayu

Kujerar Auta a ofis har yau da ɗankwalina da ya ɗaure hannunta da shi.

Asabar, 11 ga Mayu

Na je ofis ni kaɗai, na buɗe reshen. Da bismilla. Gyaran shafin shiga ne, ya kai rabi ya bari. Bayanin da ya rubuta a ajiyarsa ta ƙarshe: "saura kaɗan, Yaya za ta yi faɗa." Na gwada, bai tashi ba. Ya buɗe baka a rubutun, alamar nan ta "(", bai rufe ba, kamar yadda yake barin ƙofar firij tun yana yaro! Na ji kaina ina cewa, "Kai Auta, sau nawa zan..."

Ni na goya shi, shi ya koya mini wannan aiki da girmana. "Yaya, ba ya cizo, danna kawai."

Na yi kuka ya ishe ni, na wanke fuska, na rufe masa bakan.

Litinin, 13 ga Mayu

Na ƙarasa. Ban yarda na haɗe da kaina ba, kada so ya rufe mini ido a kan amanar mutane. Dogo ya duba layi-layi, ya ce, "Anti, yaron nan gwani ne, ƙazanta ce kawai." Na yi dariya, har Oga ya leƙo.

An haɗe da uwar aiki. Sunansa na nan a gefen duk layin da ya rubuta, nawa a ƙarƙashinsa. An biya allo. Bayan azahar na goge reshen. Kwamfuta ko tambayata ba ta yi ba ko na tabbata. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Laraba, 15 ga Mayu

An miƙa aiki. Na buɗe "gyara/hoton-shafi", ya buɗu nan take. Kujerata na ƙara, sai na jawo ta Auta na zauna, don ta fi kusa ne kawai. Ban kwance ɗankwalin ba.