Farashi Ɗaya a Shagon Baba

Litinin, 3 ga Maris

Hutun sati biyu na ɗauka a ofis, duk saboda shagon Baba. Tun da aka toshe titinmu aka mai da motoci ta baya, sai ya wuni yana ɗinkin takalma ba wanda ya leƙo. Yaya ya ce ƙarshen wata a mayar wa wanda ya ba mu hayar shagon makullinsa, Baba ya huta. Ni kuwa na ce a ba ni kwana goma sha huɗu in buɗe masa shago a intanet. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ture gwangwanin gam ya ba ni gefen tebur in aza kwamfuta.

Talata, 4 ga Maris

Hotuna sun hau, takalma kala tara. Warin gam har cikin gyalena. Na manta yadda na tsani warin nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Haraji ya kusa juya min kai. Kashi nawa ne, a kan takalmi kaɗai ko har kuɗin aike? Sai da na kira akantan ofishinmu ya warware min. Daga nan zaɓi biyu: a haɗa harajin cikin farashi, ko a ƙara shi wajen biya. Na zaɓi na biyu, ai haka na ga manyan shaguna suna yi. Na kuma sa dole kowa ya buɗe asusu kafin ya saya: imel, kalmar sirri, sai ya maimaita ta. Abin ya yi kyau wallahi, har na yaba wa kaina.

Asabar, 8 ga Maris

Na tura adireshin shafin ga duk lambobin da ke wayar Baba. Mutum goma sha ɗaya sun sa takalmi a kwandon sayayya na shafin. Ba wanda ya biya. To, Asabar ce.

Litinin, 10 ga Maris

Yau na sha kunya.

Hedimasta ya zo da kansa, da sandarsa, daga can ƙarshen gari. Shekara talatin Baba ke masa takalmi. Bayan gaisuwa ya miƙa wa Baba waya, ya ce, "Maigida, yaushe ka fara farashi biyu? A gaba ka faɗi ɗaya, na zo biya na tarar da wani."

Baba ya dubi wayar, ya dube ni. Kowa ya san shi da magana ɗaya, ko taya masa ba a yi. Na fara bayanin haraji. Hedimasta ya ce, "'Yata, na san haraji, lissafi na koyar. Amma mahaifinki bai taɓa ba ni mamaki wajen biya ba." Ya ƙara da cewa an tambaye shi kalmar sirri, shi da ya zo sayen takalmi ba buɗe banki ba. Kuma lambar takalmi ɗaya aka ba shi ya zaɓa, alhali ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama.

Da ya tafi Baba ya ce, "Auta, cire sunana daga abin nan. Gara in rufe da mutuncina."

Na shiga bayan kanta na yi kukana. Haushinsa nake ji, amma na fi jin haushin kaina.

Talata, 11 ga Maris

Ban cire ba. Na roƙe shi kwana uku. Ya ce biyu.

Laraba, 12 ga Maris

Na mai da harajin cikin farashi. Abin da ka gani a gaba shi za ka biya, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an nuna nawa ne na hukuma. Na sa Baba ya gwada da yatsansa, tun daga hoto har wajen biya. Sau uku ya koma baya yana duba farashin, kamar mai neman ɗinkin da ya kwance. Bai samu ba. Ya ce, "Hm." A wajen Baba wannan babban yabo ne.

Na cire dolen asusu. Mai so ya buɗe da lambar waya kawai. Na raba wajen awo biyu, hagu daban, dama daban.

Alhamis, 13 ga Maris

Baba ne da kansa ya sauko da littattafan awo daga saman kabad. Ya ce tunda asusun nan yana riƙe abu, to ya riƙe wannan. Kowane shafi zanen ƙafar mutum ne da fensir, da 'yar magana a gefe: "ɗan yatsa ya kumbura, a sake gaba", "ba ya son ƙara idan yana tafiya". Yana karantowa ina shigarwa, yana ba ni labarin kowace ƙafa. Mun yi dariya sosai.

A littafi na huɗu na ga "Auta". Shafi tara, ƙafar tana girma. Na ƙarshe ina shekara goma sha uku, shekarar da 'yan ajinmu suka ce takalmina na tsofaffi ne, na dawo gida na ce na kanti nake so. Shafin da ke bayansa ya rubuta sunana a sama, ba zane.

Na wuce da sauri. Ina jin ya gani.

Juma'a, 14 ga Maris

Oda ta shigo! Hedimasta ne. Hagu arba'in da uku, dama arba'in da biyu. A wajen saƙo ya rubuta: "Yanzu na gane shagon." Kafin la'asar uku suka biyo baya, ɗaya daga garin da ba mu taɓa zuwa ba. Baba ya tambayi yadda ake sanin an biya, na nuna masa. Ya ce in bar shafin a buɗe.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ya zo maganar makulli. Baba ko kai bai ɗaga ba, ya ce yana da aiki huɗu a gabansa, a dawo masa da zancen wani lokaci. Yaya ya harare ni, na murguɗa masa baki.

Na nemi ƙarin sati ɗaya a ofis. Don in koya wa Baba buga rasit ne kawai, ba wani abu ba.

Kuma dole wani ya gwada sabon wajen awon nan, shi ya sa na buɗe asusu da lambar wayata. Ban san awon ƙafata na hagu da na dama daban ba, sai na tambayi Baba. Ya ɗauko littafi na huɗu, ya buɗe shafin nan da ba zane ya shimfiɗa a ƙasa, ya fere fensir.

Na cire takalmin kanti na taka.