Irin da Na Binne

Gure, watan Cika-ciki, 1932

Zuwa ga maigida a Nguru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya baƙunta? Mu nan mun gode Allah. Malam Abatcha ne ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana.

Sunan watan ne kawai cika-ciki. Tun da fara ta cinye gonaki bara, 'ya'yan itacen anza masu ɗaci da ɓawon goruba muke ci. Ɗanmu Illa yana jurewa, amma ƙanwarsa Zinariya ta rame, wuya kamar na tulu.

Tukunyar irin geron da ka liƙe da laka, ka ce ko mutuwa ake kada a taɓa, na fasa bakinta. Sau biyu na ɗebi tafi guda na dama wa yarinyar kunu. Yanzu ko tsakar gida nake sai in ji ƙafata ta nufi ɗakin. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Kai da ka kafa doka kana can, ni aka bari da idon yara. Ka aiko mini da abin da zan yi.

Ka gaida mutanenmu da ke can.

Matarka,
Biba

Gure, watan Safar

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, masu raƙuman kanwa sun dawo ba takarda daga gare ka. To, ban jira ba. Na yi binne. Kwana uku ina saran busasshen rairayi ina zuba iri, sama ko gizagizai babu, har tukunyar ta koma fayau.

Yayarka Yabawa ta ce na haukace, na ba tururuwa abincin 'ya'yana. Malam kuwa yabon tawakkalina yake yi. Duk ba su gane ba. Tsoron hannuna ne ya kai ni gona, don na san in irin ya ƙara mako a ɗaki za mu cinye shi, baɗi kuma mu ci me? Sai da na rufe ramin ƙarshe na ɗaga hannu na roƙi Allah da gaske, abin da na daɗe ban yi ba.

Yanzu yayyafi nake tsoro, ya tsirar da iri, rana ta ƙone shi. Kullum sai na je na tona rami ɗaya na duba. Zinariya ta daina tambayar kunu, wannan ya fi kukanta tayar mini da hankali.

Allah ya sada mu da alheri.

Biba

Gure, watan Gani

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka zauna kafin a karanta maka sauran.

Ruwa ya sauka ranar Laraba, mai yawa. Gero ya tsira tun daga tudu har bakin kwari. Waɗanda suka cinye irinsu suna zuwa roƙon abin da zan cire su dasa, har da Yabawa, na kuma ce kowa ya zo.

Zinariya ta rasu kwana huɗu kafin ruwan.

Malam ya ce ajali ne, na kuma yarda. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina auna tukunyar nan a raina, kunun kwana nawa za ta yi, ko da ya riƙe yarinyar har ruwa ya sauka. Na bar wa Allah. Ranar da na ga tsiron na zauna cikinsa na yi kuka har muryata ta dishe, sannan na koma gida na ɗauko hauya.

Kai ka ce kada a taɓa, amma ni na binne, ba zan raba nauyin da kowa ba. In kana da laifin da za ka ɗora mini, ka zo ka ɗora mini a gona, can za ka same ni.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Matarka,
Biba