Bunsurun Baba Mai Raba Wasiƙu

Jamaica, New York.

Zuwa ga Yaya Alkasim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zariya. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ƙalau muke, maigidana Mukhtari yana ta fama da aikin filin jirgi. Baba yana cin abinci, hawan jinin ma ya sauka, sai dai mantuwar tana nan. Rabonsa da kiran sunana tun azumi.

Ka tuna sambatun da na ce yana yi, har ka aiko da rubutu ka ce a yi masa ruƙiyya? To Yaya, ba aljanu ba ne. Ranar Asabar maƙwabcinmu Aziz, mutumin Uzbekistan, ya shigo gyara mana famfo. Yana jin Baba sai ya ajiye sifana ya kama amshi. Ya ce Rashanci ne, waƙar wani tsohon fim ɗin ban dariya ce da aka shirya daga littafin yara, duk sa'anninsa sun haddace ta. Kunya ta kama ni. Mun manta shekara shida Baba ya yi yana karatun injiniya a can ƙasar masu Rashancin kafin a haife mu.

Aziz ya nemo fim ɗin ya kunna mana. Wai bunsuru aka ɗauka aikin raba wasiƙu, yana cinye su a hanya, ya je ya rera wa masu su saƙon da ka, duk a birkice. Yaya, tatsuniyar da Baba yake mana ce, wadda kake rantsuwa ta Kaka ce! Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Can ya juyo ya kira ni Humaira, ya ce in matso ya fassara mini tunda ba na ji. Cikin Hausarsa tsaf ya ba ni labarin, ina gefe ina kuka. Ya kuma tambaya ina Alkasim, wai kai ka fi son wurin da bunsurun ya cinye takardar hakimi.

Da fim ɗin ya ƙare ya koma shirunsa. Kullum yanzu bayan la'asar nake kunnawa, yawanci hankalinsa yakan dawo mana. Na san ka fasa zuwa ne don bai gane ka a waya ba, kuma ban ga laifinka ba, abin da ciwo. Amma fim ɗin awa ɗaya da kwata ne, kuma a cikinsa Baba yana cigiyarka. Likita bai yi mini alkawarin hakan zai daɗe ba. Ka zo.

Ka gaishe da Anti Rakiya, da Gwaggo Delu, da yaran duka.

Ƙanwarka,
Aishatu Humaira