Ruɓar da Ta Biyo Dashen Albasa

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hajara da yara? Inna lafiya lau, sai ciwon ƙafar nan.

Yaya, albasar fadamarmu ta Dingyaɗi ta kama ruɓa. Ganye ya yi rawaya, in ka tuge sai gindin ya narke maka a hannu. Malamar gona ta kai ƙasar an auna. Ta ce cutar cikin ƙasa take, kuma ba iri ɗaya ba ce. Wadda munka saba da ita rage albasa take, wagga kuwa kashewa take, kuma tana shekaru ba ta bar gona ba. Irinta anka gani a Dandin Mahe.

Can na karɓo dashe wurin Kawu, da ƙasarsa a saiwa don kada ya bushe a hanya. Na kuma raba wa maƙwabta, yadda marigayi Baba ke yi.

Jiya maƙwabcinmu Sani ya aiko in zo in duba ganyen albasarsa. Har yanzu ban tafi ba.

A gaida kowa. Ka sa mu a addu'a, don ban san da wane baki zan gaya masa ba.

Ƙaninka,
Bello