Na Cire Nawa

Abdulnasir,

Dubu talatin ɗina da ka ranta ka sayi injin walda, yau wata bakwai ke nan. Ban manta ba.

Kana makaranta Alhaji Salisu mai sayar da gas ya zo gaishe ni. Ya ga kurar ƙarfen nan da kake ta fama da ita a zaure kullum yamma, wadda ka yi wa zobba da sarƙa don riƙe tukwanen gas. Na sa ƙanwarka Mas'uda ta ɗora biyu, ta tura ta ƙetare kwatar ƙofar gida. Ko motsi ba su yi ba. Ya taya dubu sha biyar, na ce albarka, ɗana ba ya aikin ha'inci. Mun tsaya a ashirin da biyar kowace ɗaya, guda uku yake so kafin Juma'a ta sama.

Ya ba da kafin alƙalami dubu arba'in. Na cire nawa. Goman tana ƙarƙashin filonka, ka sayi ƙarfe. Kada ka rage masa ko sisi.

Na tafi suna Gwaram, mota na jira. Maganar da na yi cewa wasan wuta kake, na janye. Babu bashi tsakaninmu.

Innarka, Mas'uda ta rubuta min