Matashin Kibiyar Bappa

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Wata uku ke nan Bappa bai leƙo tsakar gida ba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun hagu. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Babana, maharbin da duk Ƙofar Ran aka sani, yau bango kawai yake kallo. Sista Charity mai yi masa gashi ta ce hannun zai dawo in ya sami abin da yake son riƙewa. In kuma ya ci gaba da kwanciyar nan... sai ta kama haɗa kayanta. Wallahi tsoro nake ji.

Litinin, 7 ga Yuli

Na sauko da bakansa daga bayan ƙofa, mai lanƙwasassun kan nan biyu. Shekarata talatin da ɗaya, yau na fara taɓa shi. Cewa yake hannun mace karya maganin baka yake yi. Har yau ban manta ranƙwashin da na sha a kan kwarinsa ba. Ya gan ni, ya mai da kansa bango. Da ma faɗan ya yi.

Laraba, 9 ga Yuli

Na sa masa bakan a hannun hagu. Yatsunsa huɗu suna riƙewa, amma babban ba ya miƙewa, kibiya sai zamewa. A waya na ga ana manna ɗan abin da za ta kwanta a kai. Ya'u baduku ya naɗe mini fatar akuya mai gashi a kan guntun kirgi, faɗin farce. Na manna da gam a gefen hagu, sama kaɗan da mariƙi, yadda mai bidiyon ya yi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ya jujjuya bakan, ya ce wai yanzu kibiya ma sai da matashi. Ya ajiye. A keke na sha kukana har gidana a Gwallameji.

Lahadi, 13 ga Yuli

Shi ya aika a kira ni.

"Fati, wa ya koya miki wannan shirme?"

Ashe kwana uku abin na cinsa. Shi tun yana yaro ta dama yake ɗora kibiya, a kan babban yatsa, ni kuwa na bi na waya na kai hagu. Gashin ma na juya shi baya, alhali gaba ya kamata ya kwanta. Ya sa na ɓanɓare, na kankare gam da reza. Ya ce ɗakin duhu, ba ya ganin aikin banzan da nake yi. Da sandarsa ya fito, yana mita. Ni dai na sunkuyar da kai kada ya ga idona.

Sau uku muna sauya wuri. Sama kaɗan, ƙasa kaɗan. Sannan ya sa na ɗaura zare a tsirkiya, daidai inda gindin kibiya zai zauna.

Talata, 15 ga Yuli

Ruwa ya hana komai. Amma ya cinye tuwonsa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na jingina buhun dusa a katanga. Kibiyar da ya harba ta farko ta faɗi ƙasa, ta biyu ta daki randa. Ta uku ta shige buhu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini bakan.

"Ja in gani."

Na ce maganin fa, Bappa? Ya ce in daina surutu in ɗaga gwiwar hannu. Da hannun hagun nan ya gyara mini riƙo, yana rawa, amma ya riƙe ni.

Ni fa don hannunsa kawai nake yi. Babban yatsana ya yi bororo, alli ma da ƙyar zan riƙe a aji ranar Litinin. Gobe ya ce in zo kafin rana ta yi zafi. Na riga na gaya wa mai keke ƙarfe bakwai.