Kunnen Hagu

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya tare da maigida da yara.

Dalilin wannan takarda shi ne, tun da na tashi daga ciwon nan yayyenki suka sa ni gaba. Sun kai ni asibiti, wani likita sanye da takunkumi ya zauna ta haguna yana karanto lambobi, wai in maimaita. Kunnen nan kuwa ciwo ya riga ya kashe shi. Ya rubuta cewa ƙwaƙwalwata ta taɓu. Yanzu sun ce ƙarshen wata za su karɓi makullan makarantar da na gina da hannuna, in zauna gida.

Awon basira aikinki ne. Ki zo ki sake auna ni, ki fitar da ni kunya.

Ki huta lafiya.
Kawunki, Hedimasta

*

Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Yau ni ce Likita? Ai na ɗauka har yanzu Sha-Huɗu nake, sunan da ka liƙa min har 'yan uwa suka manta da na yanka.

Bari in tuna maka, tunda an ce ka fara mantuwa. Ina 'yar shekara tara ka zaunar da ni a ofishinka don gwajin da kake wa duk mai neman shiga makarantarka. Fanka tana ta ƙara, agogo a hannunka. Ka tsaya ta haguna kana jefo tambayoyi, ni kuwa motsin bakinka kawai nake gani. Na ci sha huɗu cikin ɗari. Ka kira Inna ka ce, “Yaya, kada ki wahalar da kanki, kan yarinyar nan ba ya ja. A koya mata ɗinki.” Inna ta yi kuka, ta kuma yarda, don kai ne mai ilimin gidan.

Shekara shida ina ɗinka maɓalli kafin wata malama ta lura da yadda nake karkato kai, ta mayar da ni aji. Inna ta rasu tana ganin kamar sa'a kawai na taka.

Yanzu ka ji yadda yake. Zan zo, amma sai ka amsa min tambaya ɗaya a rubuce: yaushe ka san ba na ji da kunnen hagu? Kada ka yi min kwana-kwana.

Taka,
Sha-Huɗu

*

'Yata,

Na karɓi takardarki, na kasa cin abinci.

Na sani bayan wata uku. Ranar na kira ki ta hagu ba ki waigo ba, na zagayo ta dama kika amsa. Nan take na gane. Amma a lokacin da gwajin nan nake taƙama, iyaye suna kawo 'ya'yansu saboda shi. Da na ce na yi kuskure a kan 'yar gidana, wa zai ƙara yarda da ni? Sai na ja bakina na yi shiru. Akwai wasu yara biyu ma da nake zargin haka ta faru da su.

Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke. Ki dubi Allah, ki dubi zumunci. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fatan ka huta gajiyar jiya.

Ka ga yadda ake yi: na kashe fanka, na zauna ta damanka, na kuma tambaye ka ko kana jina kafin in danna agogo. Wannan shirin ko minti ɗaya bai ci ba.

Ka ci casa'in da ɗaya. Ƙwaƙwalwarka ras take, na sa hannu na buga hatimi. Makullanka suna nan a aljihunka, babu mai taɓa su.

Na aika wa yayyena da sauran dangi sakamakon, haɗe da kwafin takardarka ta ƙarshe. Iyayen yaran nan biyu ma zan nemo su. Da an bar ka a kan maganar likitan farko, da sai a ce ruɗin tsufa ne ya sa ka rubuta takardar. Yanzu kam kowa ya san da hankalinka.

Ka huta lafiya.
Sha-Huɗu